Wasan waƙar Aborijin ya tsaya mini a rai, mu ina namu?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare ƙanena ya nuna mini wani fim a waya, Bran Nue Dae, na 'yan asalin Ostareliya da ake ce ma Aborijin. Tun farko tiyatir ne mai waƙa da aka buga a Perth a 1990, sai 2009 aka maida shi fim. Yaro ne ya gudu daga lakwal ɗin 'yan mishan zai koma garinsu Broome, ana tafe ana waƙa ana rawa. To mutanen da aka ƙwace ma ƙasa, aka raba su da ɗiyansu, yaya za su ba da labarin nan cikin raha? Ba raina wahalar kakanni ba ne kuwa?

Yaya ta Zango:
Wa alaikassalam ƙanena, wallahi ba raini ba ne. Jimmy Chi da ya rubuta shi ɗan Broome ne, da 'yan kiɗansu Kuckles suka yi waƙoƙin, ciwonsu ne kuma bakinsu ne ya faɗa, ba wani ya zo ya faɗa musu ba. Ka tuna fa sai 1967 aka jefa ƙuri'ar da ta sa ake ƙirga su cikin ƙidayar ƙasa, haƙurin ɗiyan da aka ƙwace kuwa sai 2008 Kevin Rudd, firaministan Ostareliya na lokacin, ya ba su shi, to mutum ya hau dandali gaban Turawa ya rera cewa shi Aborijin ne kuma yana alfahari da haka, ai ya gama magana.

Tsohon ɗan samariya:
Yarona, mu ma mun san wannan. Lokacin da su Yazi Dogo ke wasa a nan Damagaram, dare na yi unguwa duka sai ta taru gaban tele guda, yara a ƙasa tsofaffi bisa tabarma, ana dariya har da hawaye amma gaskiya ce mai ɗaci ake faɗa ma manya. Ga wasan kara da ake kwaikwayon manya, ga labarin Kuran Daga Sarkin Damagaram da Kazamaju, sojan Faransa da aka kashe a nan a 1898, wanda har yau ina jiran in gan shi a dandali da kakaki da algaita, da Hausa da Barbarci.

Ɗan Birni:
Baba na gode. Mu shida ne muke haɗuwa ran Juma'a bayan la'asar, mai gurmi muke nema, in akwai a kusa a yi mini magana.