Zan bar kwikwiyona kwana 18 a wajen masu ajiyar karnuka a Garwa, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Rumde: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar wanda ya taɓa yi da kansa nake nema. Ina da kwikwiyo ɗan wata uku da rabi, ruwa biyu ne, uwarsa ta gida, ubansa berje, irin karen nan na Turawa. Na ɗauko shi ne bayan ɓarayi sun haura mana katanga. Yanzu tafiya ta kama ni, za a yi wa mahaifiyata aiki a Yawunde, zan tashi ranar Asabar, kuma sai na yi kwana 18. Iyalina za su koma gidan surukaina, shi kuwa surukina ko ƙofar gidansa ba ya yarda kare ya taka. Maigadi ba ni da shi.

Akwai wani likitan dabbobi da ke karɓar ajiya, ya ce sefa 2,500 a kwana har da abinci. Na je na gani da idona: keji shida a bayan gida, biyu da manyan karnuka a ciki. Abin da ya hana ni barci shi ne allura. Biyu kawai aka yi masa, ta wata biyu da ta wata uku. Ta ukun za ta faɗo ina can, ta haukan kare kuwa ba a yi ba tukuna. Shin zan iya barinsa cikin wasu karnuka a haka? Kuɗin ya yi daidai? In kai masa abincinsa ko in bar nasu?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ka bar wa maigadinka shi, ka ƙara masa na goro, magana ta ƙare.

Uwar Gida Lainde: Allah ya sa kaffara ne. Me zai hana uwar 'ya'yanka ta riƙe shi? Sauran tuwo da ruwa ne kawai, ba wani aiki ba.

Ɗan Rumde: Amin, na gode. Baba, ba ni da maigadi. Yaya, iyalin ba sa gida, na faɗa a sama.

Direban Kusiri: 2,500 sau 18, dubu 45 ke nan. Ɗan'uwa, da kuɗin nan ai gara ka yankar masa tikitin jirgin ƙasa daga Ngaundere, ɗakin kwanciya, ya je ya gaida Hajiya da bakinsa.

Hajiyar Domayo: Ƙanena, don Allah ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka ba kowa ko dala. Ni na yi, a Marwa, kuma har yau ban warke ba.

Tawa karya ce, wata huɗu, fara mai baƙin kunne ɗaya. Yarana ne suka raine ta da madara a murfin kwalba, domin uwarta mota ta take ta. Rasuwa ta same mu a watan Afrilu, muka rufe gida za mu yi kwana 10. Na kai ta wani wuri da aka yaba mini, ba zan kama suna ba. Da na je, gaban wurin tsaf yake, an share, an yayyafa ruwa. Na ce a nuna mini inda za ta kwana, aka ce mai makulli ya fita. Laifina ke nan, da na yarda na tafi ban gani ba.

Ranar da muka dawo, ko kaya ban sauke ba autana ya ja ni muka je. Yaron yana riƙe da ƙashin da ya ɓoye mata tun daga gidan rasuwa, a naɗe cikin leda. Mai wurin ya fito yana murza hannu, wai ta tsinke igiya ta gudu tun kwana uku da suka wuce, suna ta nema. Ban ce komai ba, na zagaya baya da kaina. Keji ne na ƙarfe a ƙarƙashin kwano, ba silin, ba bishiya, a zafin Marwa na Afrilu da ko takalmin roba narkewa yake so ya yi. Kwanon ruwa ɗaya na gani tsakanin keji uku, ya bushe har ƙura ta kwanta a ciki. Wani ƙarni kuma ya buge ni, irin na jinin da ya kwana. Igiyarta na nan a rataye, lafiya lau, ba inda ta tsinke.

Sai bayan sati biyu yaron da ke musu shara ya tare ni a kasuwa. Ya ce Hajiya, ki yafe mini, karyarki ba guduwa ta yi ba. A kwana na shida ta fara amai, ta daina ci, sai gudawa da jini, kwana biyu ta mutu. Kuma kafin a sa ta, wani kwikwiyon ya mutu da irin ciwon a kejin nan, ruwa kawai aka watsa. Lambata na hannunsu, ko kira ɗaya ba su yi ba. Autana ya yi wata guda yana leƙa ƙofa da magariba.

Baban Yara: Innalillahi. Wannan cin amana ne. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma tana da Mai ita.

Uwar Gida Lainde: Hajiya, kin karɓi kuɗinki kuwa? Nawa suka caje ki?

Hajiyar Domayo: Dala ɗari uku a kwana. Ban nemi ko sisi ba, 'yar'uwa, so nake kawai ya dube ni ya faɗi gaskiya. Har yau in mun haɗu sai ya sauya hanya.

Direban Kusiri: Sefa 300? To ai shi ya sa. Araha ba ta ado.

Hajiyar Domayo: Dala na ce, malam. Ɗari uku sau biyar, 1,500 ke nan. Kuma ko kyauta ne, wanda ya karɓi rai a hannunsa ya karɓi amana.

Ɗalibar Dang: Sannu Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ina karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundere, kuma alamomin da yaron ya faɗa miki sun yi kama da ciwon parbo. Ƙwayar cutar tana fita a kashin kare, tana iya yin watanni a ƙasa da siminti ba ta mutu ba. Ruwa da sabulu ba sa kashe ta, sai ruwan jabel, wato bilicin wanki, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, bayan an kankare dattin. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana 3 zuwa 7 ne, ga shi kuwa taki a na shida ta kwanta.

Yaya Ɗan Rumde, a nan matsalarka take. Kwikwiyo yana samun kariya daga nonon uwarsa, kuma wannan kariyar tana iya hana allurar farko kamawa. Shi ya sa ake maimaitawa har ya kai sati 16, sannan a ba jiki sati ɗaya ko biyu. Naka wajen sati 15 ne. Da ƙanena ne kai, da na ce kada ka sa shi inda baƙin karnuka ke shiga da fita. Ta hauka kuwa tun daga wata uku ake yi, ka yi masa ita kafin Asabar. Kuma duk inda zai zauna ka kai masa abincin da ya saba, canjin abinci lokaci guda yana ɓata musu ciki.

Sarkin Dawa: 'Yata, da girmamawa, shekara 30 ina farauta da karnuka a dajin Binuwai. Na raini sun fi 40, ba wanda ya san allura. Kanzo da ƙashi da dusa, su kwana a gindin rumbu. Karen bariki ne ba shi da ƙwari. Ɗan Rumde, ka aiko mini da shi ƙauye, ko dala ba na so, ya bi nawa ya koyi zama kare.

Ɗalibar Dang: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma cikin 'ya'yan da karyarka ke haifa a ciki ɗaya, nawa ne ke kai shekara?

Sarkin Dawa: Wanda kwanansa ya ƙare ya tafi. Ku ma masu littafin naku suna mutuwa, ga Hajiya nan shaida.

Direban Kusiri: Ɗan berje a dawa? Baba, gafiya ɗaya zai gani ya nemi hanyar Rumde da ƙafarsa.

Malam na Hausare: A yi wa juna uzuri. Dattijo ya san dawa, ɗaliba ta san cuta, kuma mai tambaya ba horon farauta ya nema ba. Akwai wanda ya aiko mini ta gefe yana cewa in hana maganar gaba ɗaya, wai kare a gidan Musulmi. Hadisi ya ba da izinin karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da na gadin gida idan akwai tsoro. A wajenmu Malikawa kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi. Abin tsoron yana ɗaya gefen: macen da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Wanda zai kulle dabba kwana 18, ya san wa ya bar wa makulli.

Mai Kanti Baladji: Ni dai sau biyu ina barin nawa a nan Ngaundere, 4,000 a kwana, kuma lafiya na same shi, sai kaska uku a kunne. Mutumin bai karɓe shi ba sai da ya buɗe karne, wato katin allurarsa, ya ga tambarin kowace allura, kullum da yamma kuma yana turo mini hoto ta WhatsApp. Ka gwada naka da wannan: in bai tambaye ka karne ba, to sauran karnukan ma bai tambaye su ba. Na bar masa tsohuwar rigata a keji, ya daina kukan dare.

Uwar Gida Lainde: 4,000! Maƙwabcina 1,000 ya biya a Jambutu, shi ya kai dusa da kan kifi.

Hajiyar Domayo: Karne? Tawa ma tana da karne, ƙanena. Allura uku, kowace da 'yar takardarta a manne da sa hannu. Yana nan cikin akwatina har yanzu. To me ya hana ta mutuwa?

Ɗalibar Dang: Hajiya, yaushe aka yi ta ukun? In kwana biyu ko uku ne kafin tafiyar, jikinta bai gama ɗauka ba. Akwai kuma maganar ajiya. Allurar nan tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, tun daga inda aka yi ta har zuwa sirinji. In ta sha zafi, ƙarfinta ya tafi, takardar da ke jikin kwalbar kuwa ba ta canzawa.

Ɗan Farsha: Wannan ita ce maganar. Mu a Injamena, a 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allurar hauka kyauta, aka samu fiye da kashi 70 cikin 100, kuma ciwon ya ja baya sosai. Na kai namu, na ga kwalaben a cikin akwatin ƙanƙara, ana buɗewa ana rufewa nan take. Yau kuwa sai mutum ya zo maka a babur da tsakar rana, ya zaro kwalba daga aljihun riga ya ce allura ce.

Baban Yara: To wa zai ajiye sanyi a Garwa yanzu? Jiya tun bayan asuba aka ɗauke wuta, sai sha ɗayan dare ta dawo. Maganin sukarin matata a firigo yake, sai da na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma na sa a gindin randa. Ga LANAVET nan a Bokle a ƙofar gidanmu ana haɗa alluran dabbobi, amma ƙaramin mai shago a cikin gari da me zai riƙe su?

Direban Kusiri: Kowace bazara labarin ɗaya ne, ruwan Lagdo ya ja baya. Madatsar nan da ke ba mu wuta tun 1982 take, garin kuwa ya ninka kansa.

Uwar Gida Lainde: Ni kajin gidan gona 20 na yi asara a firiza satin da ya wuce, na bikin suna ne na mutane. Takardar kuɗin wuta kuwa ba ta taɓa makara ba. Wa ya san farashin ƙaramin sola da zai riƙe firiza ɗaya?

Mai Kanti Baladji: Batir ne ke cin kuɗin, Yaya, ba faifan ba. Ki faɗi girman firizar in lissafa miki.

Ɗan Rumde: Jama'a na gode, Hajiya Allah ya mayar da alheri. Na koma wajen likitan da yamma. Bai tambaye ni karne ba sai da na miƙa masa da kaina. Amma ya ce zai iya ware shi a ɗaki daban, ya wanke da jabel a gabana, ya yi masa ta ukun in lokacinta ya yi, sai dai kuɗin ya koma 3,500. Firigonsa na ga yana kan janareta. Wani abokin aikina kuma ya ce zai riƙe shi a gidansa kyauta, ba kare a gidan, amma ƙofarsu a buɗe take wuni kuma yara bakwai ne. Ƙanwata ta Dang, a cikin biyun wanne za ki ɗauka? Kwana uku ya rage mini.

Sarkin Dawa: Tayina na nan, ɗana. Motar kasuwa na zuwa ranar Juma'a.

Uwar Gida Lainde: Mai Kanti, lita 200 ce, amma tsohuwa ce, murfin ma ba ya kamawa sosai sai na ɗora dutse.