Abokina dillali ne mai rajista, in ba shi aikin saya min gida a Abuja?

Mai neman gida: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen gida mai ɗaki uku a Kubwa ko Lugbe. Abokina tun na makaranta yana da rajistar ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye rajista, ya ce in bar masa komai, daga nema har takardu. Da na yi maganar la'ada sai ya ce "haba, ni da kai?" Yaya zan tsayar da magana ba tare da ransa ya ɓaci ba? Kuma ko sai na ɗauki lauya daban?

Hajiyar Gwarimpa: Wa alaikumussalam. Ƙanena, kar ka sayi gida a Lugbe sai ka gan shi da damina, a tsakiyar Agusta. Duba tabon ruwa a gindin katanga, ka tambayi maƙwabta inda kwata take zuba.

Dillalin Kubwa: Malam, wannan "ni da kai" ita ke raba zumunci. La'adar saye kashi 5 cikin ɗari ce a al'ada. Ku rubuta nawa ne, wa zai biya, yaushe. Kuma ka tambaye shi kai tsaye ko mai gidan ma zai ba shi wani abu. Wanda ke ci a ɓangare biyu ba zai matsa a rage maka farashi ba, don raguwar farashi raguwar rabonsa ce.

Ɗan Nyanya: Wane 5? Goma suke karɓa.

Dillalin Kubwa: Goma na haya ne, Yallaɓai.

Hajiyar Gwarimpa: In gidan mai tsada ne har 3 ana daidaitawa.

Barista: Rajistar abokinka ta ƙiyasta daraja ce da harkar gidaje, ba ta tsayawa a madadin bincike. Nemi lauyan da ba shi ya kawo ba. Karɓi kwafin C of O (takardar shaidar mallakar fili) ko R of O (takardar ba da fili) da lambar fayil, a shigar da bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke. In gidan FHA ne, wato Hukumar Gidaje ta Tarayya, can ma a duba fayil. Safiyo ya je ya tabbatar duwatsun iyaka sun dace da taswira, a kuma ga izinin gini. Kuɗi ya tafi asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba, ko ɗan uwanka ne. Bayan sa hannu a nemi amincewar Ministan Abuja, a yi rajista.

Tsohon ma'aikaci: Barista, abin da ke cinye mutane takardar ƙaramar hukuma ce. A Abuja Minista kaɗai ke raba fili, amma aboki sai ya ce "na san mai wurin, ba da kafin alƙalami kar wani ya riga ka." Haka aka yi wa wani dattijo a unguwarmu: kuɗin sallamarsa duka suka tafi, ga takarda ba ta cikin kwamfutar AGIS, ga abokin makusanci ne, iyalai sun hana a kai ƙara. Yau ko gaisawa ba sa yi. Baƙo za ka iya kai shi kotu, amini sai a ce ka bar wa Allah.

Dillalin Kubwa: Baba, wannan ɗan kamasho ne. Mai rajista ana kai ƙorafinsa hukumarsu.

Tsohon ma'aikaci: Kai dillali ne, dole ka kare naka.

Barista: Duk ku biyu da gaskiyarku, amma ƙorafi ba ya dawo da kuɗi da wuri.

Ɗan Nyanya: A nan kowa dillali ne, har mai shayin bakin layi yana da filoti uku a Guzape.

Hajiyar Gwarimpa: A duba bashin harajin fili ma. A Maris 2025 an soke takardu 4,794 saboda rashin biyansa. Ga bashin wuta a kan tsohuwar mita, wanda ya saya ake bi.

Ɗan Nyanya: Ni kuɗin duba gida ne ke ƙona min rai. A karɓa tun kafin a fita, a nuna gidan da an riga an sayar, gobe a sake karɓa.

Dillalin Kubwa: To man mota daga Kubwa zuwa Lokogoma wa zai zuba?

Mai neman gida: Barista, lauyan nawa yake karɓa, kuma kafin binciken AGIS ake biyansa ko bayan an gama?