Me za mu kira "community policing" da Hausa?

Malam Sani, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ana rubuta takardar gayyatar masu unguwanni zuwa zama da DPO, sai aka cije a kan "community policing". A rediyo wasu kan ce 'yan sandan al'umma, wasu 'yan sandan unguwanni. Wanne ya kamata a rubuta?

Hajiya Binta, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Duka biyun mutane suke nunawa, alhali kalmar tsarin aiki take nufi. Da ka rubuta 'yan sandan al'umma, mai unguwa zai ɗauka sabuwar runduna aka kafa, ya fara tattara sunayen samari masu neman aiki. Wani kuma ya rikita shi da 'yan sandan jihohi da ake ta muhawara a kai. Tsarin ba sabo ba ne. Kwamitin PCRC, na hulɗar 'yan sanda da jama'a, tun 1984 yake, an gwada tsarin a Enugu a 2004, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocinsa daga matakin jiha zuwa na ofishin DPO.

Malam Yusha'u, Kwarbai:
Hajiya ta yi gaskiya. A dubi aikin tukuna, sunan zai fito. Ana ware jami'i a ba shi unguwa takamaimai, ya riƙa shiga lunguna a ƙafa, domin wanda ke cikin mota da jiniya ba ya jin komai. Ya san mai unguwa da liman da shugaban 'yan acaɓa, har mai shayin bakin titi da ke kaiwa ƙarfe biyun dare yana ganin mai shiga da mai fita. Duk wata a zauna a ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, a rubuta koke-koke a littafi: kangon da ake shaye-shaye, lungun da ake ƙwacen waya bayan magariba. Zama na gaba da wannan littafin ake buɗe shi, jami'in ya faɗi abin da aka yi kan kowane koke. In ba a dawo da amsa ba, zama biyu uku mutane sun watse.

Abubuwa uku ke kashe shi. Canja wa jami'i wurin aiki bai gama sanin mutane ba. Fitar sunan wanda ya kai rahoto, wanda in ya faru sau ɗaya kowa ya kama bakinsa. Sai cika kwamiti da masu hannu da shuni kaɗai, ya koma wurin tara kuɗin man mota, ba mata ba matasa. Ni ina ganin a ce tsaron haɗin gwiwa.

Hajiya Binta, Samaru:
Malam, haɗin gwiwa ya riga ya tafi ga sintirin soja da 'yan sanda a mota ɗaya. Kalmar tsaro kuma za ta jawo 'yan sintiri da 'yan banga da jami'an KADVS, rundunar sa-kai ta jihar Kaduna, ciki, su kuwa mataimaka ne, wanda suka kama hannun 'yan sanda za su miƙa shi.

Baba Iro, Ƙofar Doka:
'Ya'yana, kada wani ya kawo 'yan doka. Na zamanin En'e sun san kowane gida, amma dattijo in ya ji sunan, haraji da bulala yake tunawa. Ku raba abin uku. Tsarin a ce haɗin kan 'yan sanda da jama'a. Jami'in da aka ba unguwa, ɗan sandan unguwa. Masu zaman wata-wata, kwamitin 'yan sanda da jama'a.

Malam Yusha'u, Kwarbai:
Allah ya ƙara girma, Baba, na janye nawa. Jama'a ta fi al'umma sauƙi a baki, kuma haɗin kai ya nuna ɓangare biyu ne ke da nauyi.

Malam Sani, Tudun Wada:
Madalla, na gode. Haka za a buga. A ƙasan takardar za a sa sunan ɗan sandan unguwa da lambar wayarsa, da ranar zama na gaba.