Neman kalma: me za mu kira "energy efficiency" da Hausa?

Injiniya, Arkilla (Sakkwato): Jama'a, a taimaka. Tun da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kalmar nan ta shiga bakin 'yan rediyo, kowa da tasa fassarar. Ma'anarta a wurinmu: aiki ɗaya, wuta kaɗan. Ƙwan fitila tsohon yayi mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Awa 10 a rana, a wata guda, ƙwan farko ya ci yunit 18, na biyu 2.7. Na fi jin ana cewa "tsimin makamashi", amma bai kwanta mini ba.

Malamar Hausa: Injiniya, gaskiyarka. Tsimi halin mutum ne, ya hana kansa don ya rage kashewa. Wanda ya kashe fanka a watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, shi ne mai tsimi. Abin da kake nufi kuwa a jikin kayan yake.

Mai sola, Mabera: "Ingancin makamashi" fa? Ita ce a takardu.

Injiniya, Arkilla: A nan take rikicewa. Inganci mun riga mun ba shi aiki: wuta ta zo cikakkiya, volt 230, ba ta rawa. Layin da ke biyowa ta Birnin Kebbi idan ya kawo wuta rauni-rauni sai mu ce ba ta da inganci, ko da kowane ƙwai a gidan LED ne. Abu biyu ne daban.

Malamar Hausa: To ku duba madafa. Shinkafa mai auki, mudu ɗaya ya cika tukunya. Ana cewa kuɗin yanzu ba su da auki. Wato kaɗan ya yi aikin mai yawa. Ina ba da shawarar aukin makamashi. Makamashi ma asalinsa itacen girki ne, don haka kalmar ta rufe murhu da gas da dizal, ba lantarki kaɗai ba.

Mai sola, Mabera: Malama, wagga kam ta zauna. Bari in gwada ta da lissafin shago. Fankar sama huɗu masu wat 75, awa 10, yunit 3. A sauya su da na DC (masu aiki da wutar batiri kai tsaye) masu wat 30, ya dawo 1.2. Ke nan farantin sola da batirin da zai saya sun ragu fiye da rabi, kuma batiri ne ke cinye kuɗin aikin. Shi ya sa muke cewa a fara canza kaya kafin a auna sola. Sai dai auki yana zubewa in babu kulawa: ƙurar hunturu ta toshe matacin na'urar sanyaya ɗaki (AC), robar ƙofar firiji ta saki, motar injin niƙa a sake naɗa ta da waya mai siranta, ta riƙa zafi tana shan wuta. LED mai arha kuma ba ƙwan ne ke mutuwa ba, kafasitan cikinsa, ɗan abin da ke daidaita masa wuta, shi ne zafi ke busarwa.

Ma'aikacin tsare-tsare: Ta ɓangaren gwamnati ma za ta yi amfani. Manufar ƙasa ta 2015 kan makamashi mai sabuntawa ta haɗa da wannan fanni, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aikin murhu mai cin itace kaɗan. Inda jiha ke da ta cewa kai tsaye shi ne sayen kaya: fitilun titi, famfunan hukumar ruwa, asibitoci. Asibiti mai ƙwai 100, da lissafin Injiniya, yunit 1,800 ne ko 270 a wata. A rubuta sharaɗin auki cikin takardar kwangila, da adadi, kada a ce "mai kyau" kawai.

Mai sola, Mabera: Amma a kasuwa ba wanda zai ce aukin makamashi. "Ba ya cin wuta" suke cewa.

Injiniya, Arkilla: A bar musu, daidai ne. Mun tsaya a nan: aukin makamashi a rubutu da labarai, kaya kuma "mai aukin wuta", tsimi ya zauna a ma'anarsa ta rage amfani. Ma'aunin ƙwai shi ne lumen (wato yawan haske) nawa a kowane wat. Saura "lumen" ɗin, Malama, ko mu bar shi yadda yake?