Kai 'yan sakandare Ghana ganin wuraren tarihi: waɗanda suka san hanyar, ku ba mu haske

Mataimakiyar shugaban makaranta, Kano

Assalamu alaikum. Makarantarmu na shirin kai 'yan aji huɗu da aji biyar Ghana a dogon hutu, yara 30 maza da mata da malamai huɗu, su ga tsoffin gine-ginen tsare bayi na Cape Coast da Elmina da kabarin Nkrumah. Kwana shida muka ware. Don Allah waɗanda suka taɓa kai yara, da me ake farawa, kuma me ya fi ɓata irin wannan tafiyar?

Malamin tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da takardu ake farawa, don su ne ke mayar da yaro gida da jakarsa daga filin jirgi. Ba a neman biza, tunda Ghana na cikin ECOWAS, amma kowane yaro sai da fasfonsa. Wanda bai kai 18 ba, Hukumar Shige da Fice za ta nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da wasiƙar amincewar iyaye. Inda ake maƙalewa shi ne suna. A takardar haihuwa an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a rajistar makaranta Muhammed. Ko Aisha a nan, Aishatu a can. Ko ranar haihuwa ta sha bamban. Gyaran NIN kuwa ba na kwana ɗaya ba ne. Ki tattara takardun kowa wata huɗu kafin tafiya, ki zaunar da malami guda ya bi su harafi bayan harafi.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake kira yalo kat. Allurar ba ta ƙidayuwa sai ta kwana 10 a jiki, saboda haka wanda aka yi wa ana jibi tafiya daidai yake da wanda ba a yi wa ba. Da lambar fasfo ake rajistar katin, ke nan fasfo ne farko, kati na biye. A kai su ofishin lafiya na filin jirgi rana ɗaya, wata guda kafin tashi, domin wasu sukan ɗan yi zazzaɓi bayan allurar. Fasfo kuma kada ya kwana a hannun yaro. Malami ɗaya ya riƙe su duka a jaka ɗaya, a jere yadda sunaye suke a takarda, kwafinsu kuma yana wurin wani malamin dabam.

Mai harkar sufuri, Agege

Hajiya, idan wani ya ce miki ku bi mota don sauƙin kuɗi, ki ce ya ɗauko biro. Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, gaskiya ne. Amma boda uku ce: Seme tsakaninmu da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. Kowace boda hatimi biyu, na fita da na shiga. Mutum 34 sau shida, hatimi 204 ke nan. Ko minti biyu kowanne ya ci, an doshi awa bakwai a tsaye, ban da binciken kaya, ban da yaran da za su nemi banɗaki a inda babu. Kuma kafin nan kun riga kun kwana a hanyar Kano zuwa Legas. A kwana shida, huɗu sun tafi a kan kujera. Jirgi daga Legas wajen awa ɗaya ne. Ku tuna agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya. Wannan ke sa direban da zai tarbe ku ya zo ba a kan lokaci ba idan ba a faɗa masa agogon wa ake nufi ba.

Mazaunin Sabon Zango, Accra

Sannunku da zuwa tun kafin ku zo. Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin, wuni ɗaya ya isa. Filin tunawa da Nkrumah a nan ne tsohon filin wasan folo da ya tsaya ya yi shelar 'yancin kai, daren 6 ga Maris 1957. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023. A nuna wa yara mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966. Kan yana nan a ajiye kusa da gangar jikin. Wannan kaɗai darasi ne na rabin awa.

Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, amma kada a auna da kilomita, a auna da Kasoa, garin da ke kan hanya da an fita daga Accra. Ku bar masauki da an sallame asuba, in ba haka ba cunkoson wurin zai cinye muku hantsi. Ku kwana biyu a Cape Coast, kada ku je ku dawo a yini guda.

Abinci ba zai ba ku wahala ba: akwai koko da ƙosai da safe, akwai waakye, wato shinkafa da wake ɗinmu ce har sunan, akwai tuwon zafi. Nama dai a saya a zango ko a tambaya. Yajin da suke kira shito da busasshen kifi da jatan lande ake yin sa, a kula da waɗanda jikinsu ba ya karɓar irin wannan abincin. Naira ba ta sayen komai a shago. Ku zo da dala ku canja zuwa sidi, kuɗin Ghana, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙananan samun farashi mai kyau.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: teku. Yaron da ya taso a Kano bai san ruwan da ke ja da baya ba. Igiyar ruwan gaɓar nan tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ta tafi da mutum, kuma a watan Yuli da Agusta ta fi haushi. Doka ita ce ba mai tsoma ko idon sawu, a kuma sa malami ya tsaya tsakaninsu da ruwan, ba a bayansu ba.

Malamin tarihi, Zariya

Bari in dawo kan gine-ginen kansu, don nan ne dalilin tafiyar. Kilomita 12 ko 13 ne tsakanin Cape Coast da Elmina, shi ya sa masu shirya tafiya ke haɗa su a rana ɗaya. Ni ban yarda da haka ba. Yaron da ya fito daga kurkukun farko kansa ya cika, na biyun ɗaukar hoto kawai zai yi. Ɗaya yau, ɗaya gobe, kuma da safe.

A fara da Elmina tunda shi ne babba a shekaru. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kuma zinariya suka zo nema tun farko, cinikin mutane daga baya ya rinjaya. 'Yan Holan suka ƙwace a 1637, daga kan tudun da ke fuskantarsa suka yi masa ruwan igwa. A nuna wa yara tudun su gane dalilin da ya sa aka gina wani ƙaramin sansani a kansa. Ingila ta karɓa a 1872. A ciki akwai farfajiyar mata, da barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓa daga sama. Ƙofar fita zuwa jirgi kuwa tsaga ce siririya, sai mutum ɗaya a karkace.

Cape Coast 'yan Suwidin suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka mayar da shi hedikwatarsu. Kurkukun maza gangara ake yi a shiga, duhu ne, iska na shigowa ta 'yan ramuka can sama. Masu jagora kan ce mutum wajen dubu ake tarawa a ciki. Za su nuna inda aka kankare ƙasa har aka kai ga tubalin asali, su ce abin da ke sama da shi ba ƙasa ba ce, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare. Kai tsaye a saman wannan ɗakin cocinsu yake. A can ƙuryar akwai wurin tsafin mutanen garin, da furannin da baƙi daga Amurka da Jamaika ke ajiyewa. A faɗa wa yaranmu tun a mota cewa za su gan shi, ba a ce su taɓa ko su sa hannu ba, amma ba dariya, ba tofar da yawu. Sau da yawa akwai baƙaƙen fata na ƙetare a rukunin da ke gabanku suna kuka. Su kabarin kakanni suka zo.

A raba yaran gida biyu, 15 kowane rukuni da ɗan jagoransa, don na baya a rukunin 30 ba ya jin komai. A rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta Ghana wasiƙa da hatimin makaranta tun da wuri, a zo da katin shaidar ɗalibi, saboda kuɗin shiga na ɗalibi dabam ne, na baƙo kuma dabam da na ɗan ƙasa. A bakin ƙofa akwai samari da za su tambayi yaro sunansa cikin fara'a. Kafin ku fito sun rubuta shi a jikin ƙwanson teku suna jiran kuɗi. A ce wa yara su yi gaisuwa su wuce.

Ma'aikaciyar jinya ta makarantar kwana, Kaduna

Malam ya manta ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi bore, wanda ba taga. Ɗan jagora yakan shigar da mutane ya rufe ƙofa na ɗan lokaci don su ji yadda yake. Nan ake samun suma. Ki cire masu asma da masu sikila da duk wadda ta ce ba ta so, ba tilas, malama ɗaya ta tsaya da su a waje. Abin shaƙar mai asma ya kasance a aljihunsa, ba cikin jakar da aka bari a mota ba. Ba mai shiga da yunwa, kowa da gorar ruwa. A jakar magani: farasitamol, gishirin zawo, maganin amai na mota, audugar mata fiye da yadda kike zato, da kayan gwajin maleriya. Takardar da iyaye za su sa wa hannu ta ƙunshi izinin kai yaro asibiti. Daren ranar kurkuku a zagaya ɗakuna. Wanda ya fi kowa surutu da rana shi ake tararwa ido biyu.

Malama mai koyar da tarihi, Katsina

Duk na yarda, amma akwai tambayar da kowace tawaga ke jefowa a mota: Malama, wa ya sayar musu? Malamin da bai shirya ba zai ce Turawa ne ya rufe bakin, yaran kuma ba wawaye ba ne. Kafin tafiya a yi darasi biyu a aji kan bauta a ƙasar Hausa da kalmominta: bawa, kuyanga, bacucane, rinji, murgu, fansa. A kuma gyara wani kuskure: Hausawan da aka kai Bahia a Brazil, waɗanda suka yi ta bore tun daga 1807, galibinsu ta Legas da Porto-Novo da Ouidah aka fitar da su, ba ta Cape Coast ba. Alaƙarmu da Ghana ta Gwanja ce. Fatake na kai kanwa da tufafi da fata Salaga su ɗauko goro, kuma a kasuwar nan ana sayar da mutane. Rijiyoyin garin suna nan har yau. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, malami ne da ya kamata ɗan Kano ya san sunansa. A ganina tafiyar da ba Salaga ta rage saura.

Mazaunin Sabon Zango, Accra

Malama, maganarki dutse, amma Salaga na can arewa, sai an kai wajen Tamale, ga damina. Ba ta shiga kwana shida. Abin da zai shiga shi ne Kumasi, awa huɗu zuwa biyar daga Cape Coast. A hanya ku tsaya Assin Manso, kamar awa ɗaya da tashi, garin da ke da rafin da ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe kafin gaɓa. Akan ce a cire takalmi a gangara, to a sa mai sauƙin cirewa. A Kumasi akwai gidan tarihin fadar Manhyia, gidan da aka gina wa Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan ya dawo daga inda aka kore shi a 1924. Ingilishi sun kama shi a 1896, kuma sun tsare shi a Elmina, to yaran sun riga sun ga ɗakin. Akwai tsohon barikin da Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante, ta yi wa ƙawanya a 1900 da Ingilishi a ciki. Nan ne wurin faɗa musu cewa a yaƙin 1874 da aka ƙone Kumasi akwai sojojin Hausa a ɓangaren Ingila, irin waɗanda jami'in Ingila Glover ya fara ɗauka a Legas a 1863. In an aika wa Sarkin Zango tun da wuri, a kai su gaisuwa bayan la'asar su ji Hausar Kumasi da kunnensu.

Mataimakiyar shugaban makaranta, Kano

Allah ya saka da alheri. Saura waya: a bar musu ko a karɓe?

Malama mai koyar da tarihi, Katsina

A bar musu a mota da masauki, Hajiya, amma a bakin kurkuku a tattara su cikin jaka ɗaya. Malami guda ya ɗauki hoton kowa, shi ne kuma zai riƙa aika wa iyaye saƙo sau ɗaya kowace yamma. A ba kowane yaro ƙaramin littafi da fensir, tambaya uku kacal a kowane wuri, a karɓa a duba bayan isha'i. Fensir na ce ba biro ba, don gumi da danshin wurin na jiƙa takarda tawada ta baje.