Wai da gaske ana buga batir a jikin yadi?

Telan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Rabonmu da wuta tun kafin azumi, kullum sai na aika yaro da wayata wajen mai caji, ta yini a can, masu ɗinki su yi ta nemana ba sa samu. Jiya ɗan yayata da ke karatu a Kano ya ce wai Turawa sun fara buga batir a jikin yadi kamar yadda ake buga hoton ɗan takara a riga. Na ce yaro ka raina ni. Ya rantse. To masana, in gaskiya ne ina ake sayar da yadin? In ɗinka 'yar shara in riƙa soka waya a aljihu tana cika.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam Tela. Yaron bai yi ƙarya ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Manchester ta Ingila sun buga shi a kan yadin auduga, kuma da irin ragar da masu rigunan kamfe suke aiki da ita: a shimfiɗa, a zuba tawada, a ja da roba. Tawadar ce daban. Da girafin ake haɗa ta, wato sinadarin bakin fensir da aka sirance har kaurinsa ya koma ƙwayar zarra ɗaya. A jami'ar aka fara ɓanɓaro shi da salatif a 2004, ya jawo wa mutum biyu kyautar Nobel a 2010.

Sai dai abin da suka buga ba batirin waya ba ne, sufakafasita ake ce masa. Moɗa ne, batirin waya kuwa randa. Nan da nan yake cika, nan da nan yake juyewa. Ƙananan na'urori ake nufi da shi, irin masu auna bugun zuciyar marar lafiya ko ɗan wasa. Wayarka ko ɗuriya ba za ta ji ba. Kuma shi ma sai an yi masa caji, ajiye wuta yake, ba ya haifar ta. Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa Kantin Kwari.

Marinin Kura:
Ni wanki ne tambayata. Mu nan sai mu rina turkuɗi, mu kai wa mabuga su yi ta dukansa har ya ɗau ƙyalli, amma duk wanda ya naɗa rawanin sai shuni ya bar masa shaida a goshi. To tawada mai ɗauke da wuta fa, in ta gamu da gumin bazara da sabulu da dutsen guga na gawayi?

Malamin Kimiyya:
Baba ka taɓo inda ke yi musu ciwo. Cuɗa da matsa suna tsattsaga tawadar, gumi kuma ruwan gishiri ne. Shi ya sa suke lulluɓe wajen da siririyar roba, sai kuma yadin ya rage shan iska.

Maman Hassana:
Malam Tela, kafin Turawan su gama, ka shiga adashi ka sayi ɗan faifan sola ka ɗora a rufin shago. Ni da shi nake caji, har maƙwabta na kawo nasu.

Telan Ringim:
Na gode ƙwarai. Yaron kuma zan ba shi haƙuri. Yaya, naki faifan wat nawa ne? Zai ja fitila biyu? Ɗinkin sallah da dare nake yinsa.