Teku Na Zazzaɓi, Ido Na Kan Waya

Malamin Marwa:
Salamu alaikum. Ga baiti, mai iyawa ya ɗauka.

Jiya na tsaya gaban allo da allina,
Ina batun ruwan teku da ke ƙuna,
Ban kai ga aya ba, na dubi yarana,
Ido a kan waya, sun bar ni da zancena.
Farfesa Gloria Mark ta Kalifoniya ta auna:
A 2004, minti biyu da rabi mutum kan zauna
Kan shafi ɗaya. Yau sakan 47, me za a tuna?

Masuncin Kuseri:
Allah gafarta Malam, na ji kukanka,
Amma ni ina bayan yaran ajinka.
Logon da Shari ne nawa, riƙe tekunka,
Duwala da nisa, me ya haɗa kifi da kaska?

Malamin Marwa:
Ɗan'uwa, dakata, kar ka yi saurin juyawa.
Hayaƙin fetur da kwal ya tare sama, zafi ba ya ficewa,
Kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin, teku ke shanyewa.
Ka san tafki da azahar, sama ɗumi, ƙasa sanyi mai ratsawa,
In iska ta kwanta, su biyun ba sa cakuɗuwa.
Kwana biyar a jere zafi ya zarce na al'ada, masana na cewa
Zazzaɓin teku ke nan, El Nino, ɗumamar Tekun Pasifik, kuma na ƙara izawa.

Ɗalibar Njamena:
Baba Malam, bari in ɗora, ni ma na karanta.
A 2016 murjanin Ostareliya ya yi fari fat, wani bai farfaɗo ba, ya lalace a ruwanta.
A Pasifik, daga 2014 zuwa 2016, ƙananan kifi suka ƙaranta,
Tsuntsayen teku kusan miliyan huɗu yunwa ta kashe, gawa a gaɓa ta kwanta.
Yulin 2023, a ruwan gaɓar Florida, zafi digiri 38 na'ura ta rubuta.
Kawu masunci, iskar damina daga Tekun Gini take tahowa da danshinta,
Teku in ya yi zafi tururi ya ƙaru, ruwan sama ya tsananta.
Ka tuna 2024? Yagwa ta nutse, Njamena ta kwana tana gadin gaɓarta.

Ban ce shi kaɗai ne sanadi ba, Kawu, amma da hannunsa a ciki.

Masuncin Kuseri:
'Yata, kin taɓa inda ke yi mini ciwo.
Shekarar nan kwale-kwalena ya bar su, ya koma ɗauko
Katifa da awaki da tsohuwa mai rungume da ƙoƙo,
Na tuƙa ta kan titin da dā nake bi in sayo goro.
Na janye kaskata, Malam, ci gaba da karatu, ina sauraro.

Mai shayin Garwa:
Jama'a, ku yafe ni, layi biyu na duba,
Sai TikTok ya yi kira, ban san na wuce ba,
Madara ta ƙone, buta ta ƙafe, ban lura ba.
Wa zai taƙaita min? Don Allah kar ya wuce layi guda.

Malamin Marwa:
Sauke butar, kifa wayar, koma sama ka faro.
Gobe da safe zan yi maka tambaya, kai da yaran ajina.